Kai Yara Gidan Zu: Shirin Da Ake Yi Tun Daga Gida

Yaron birni ya san kura tun kafin ya iya ɗaura tazugen wandonsa. Ya ji ta a tatsuniya, ya san kwaɗayinta da tsoronta, ya san dila shi ne malamin daji, zaki kuwa manyan dawa. Amma ranar da aka tsayar da shi gaban keji aka ce masa ga kurar nan, sai ya saki baki, don ba wanda ya taɓa gaya masa ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo. Dajin da kakanninsa suka san waɗannan namun a cikinsa yawanci ya zama gona ko unguwa. Mai son ganin giwa a dawa yau sai ya nufi Yankari a Jihar Bauci, raƙuman dawa kuwa sai yankin Kure, gabas da Yamai. Talaka mai 'ya'ya biyar ba ya iya wannan tafiya, abin da ya rage masa shi ne gidan zu.

Da wannan tunani aka kafa irin waɗannan gidaje. Na Kano, wanda har titin da ya bi ta gabansa ya ci sunansa, an gina shi a farkon shekarun 1970, zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan farko na jihar, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. Maiduguri tana da Sanda Kyarimi, Jos tana da nata, Abuja akwai na yara a Asokoro, a Yamai kuma namun dajin suna cikin harabar gidan tarihi na Bubu Hama da aka kafa a 1959. Wuraren suna nan. Abin da ke ƙaranci shi ne shiri, shi ya sa ake ganin iyali sun fita da murna sun dawo da kuka.

Kuskuren farko wajen zaɓen rana ake yinsa. Jama'a sun ɗauka gidan zu na yawon Sallah ne kaɗai, sai kowa ya ɗebo nasa a kwanakin Sallar, layin tikiti ya miƙe har bakin titi, ƙura ta tashi, a yi ta turereniya gaban kejin zaki. Samari da 'yan mata wannan hayaniyar suke so, ba laifi. Amma ɗan shekara huɗu ba abin da zai gani sai ƙugun manya. Maigidan da ke da ƙananan yara gara ya bari Sallah ta wuce da mako guda ko biyu, ya zaɓi wata Asabar ko wata rana cikin hutun makaranta. Kafin ranar ya aika a tambayo masa lokacin buɗewa da kuɗin shiga na babba da na yaro, don kuɗin yana canzawa, kuma ba daɗi mutum ya tsaya lissafi a bakin ƙofa yara suna kallonsa.

Sammako kuwa wajibi ne. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano da Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma yadda rana ke galabaitar da yaro haka take galabaitar da dabba. Zaki a ɗabi'arsa yana iya shafe sa'o'i goma sha shida ko fiye a kwance cikin yini da dare, kura kuwa da ma da dare take harka. Wanda ya iso bayan azahar zai tarar kowa ya shige inuwa ya miƙe, yara su yi ta tambaya ko zakin ya mutu ne. Da hantsi ake samun birai suna tsalle, jimina tana taƙama, ɗawisu wani lokaci ya baje jela. Idan lokacin hunturu ne, a sa wa yara rigar sanyi da safe, mai asma kuma kada a manta da maganinsa.

Guzurin uwargida ba mai yawa ba ne, amma kowane abu da amfaninsa: ruwan sha fiye da yadda ake zato, abinci mara nauyi kamar dambu ko gurasa ko dafaffen ƙwai, tabarma, sabulu, tufafin canji ga wanda bai gama sanin kansa ba, da zanen goyo ko da yaron yana tafiya da ƙafarsa, don zai gaji. Takalmin Sallah mai matse ƙafa a bar shi a gida. Maigida ya ware kuɗin adaidaita na komawa a aljihu daban, don masu alewa da balan-balan da hoto da lilo sun san aikinsu, kuma uba kan rasa yadda zai ce a'a.

A cikin gidan, da ƙafar autan ake auna tafiya. Ba dole ba ne a zagaye ko'ina. A tambayi yaran tun a hanya wace dabba kowa ya fi son gani, a fara da waɗannan tun ƙarfi bai ƙare ba, sauran in an samu an samu. Sa'a biyu zuwa uku ta ishi ƙaramin yaro. Wani uban sai ya yi ta jan hannun ɗansa don a kai ga zaki, alhali yaron ya tsaya yana kallon kunkuru yana cin ganye, kuma can ne karatun yake. A bar shi ya duba, a tambaye shi me ya gani, a gaya masa jimina ita ce mafi girma a cikin tsuntsaye amma ba ta tashi, shi kuma kada, buɗe bakin da yake yi a rana rage zafin jiki yake yi. In ba a san amsa ba a tambayi ma'aikaci. Yaron da ya tsorata kuma kada a tura shi gaba ana dariya, a ɗauke shi a ja baya.

Maganar tsaro ita ce ba a wasa da ita. A watan Mayu na 2016, a gidan zu na birnin Sinsinati a Amurka, wani yaro ɗan shekara uku ya tsallake shinge ya faɗa wurin wani ƙaton goggon biri mai suna Harambe. Ma'aikata ba su da zaɓi sai harbe dabbar don ceton yaron. Mahaifiyarsa tana wurin, hankalinta ne ya ɗauku na ɗan lokaci. Saboda haka a raba aiki tun a ƙofa: kowane ƙaramin yaro a san babban da ke riƙe da shi, kada a ɗora wa 'yar shekara goma nauyin ƙannenta uku. Ba a ɗora yaro kan shinge don ya gani sosai, ba a zura hannu cikin keji. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa a aljihun kowane yaro, a nuna musu kayan ma'aikata, a ce wanda ya ɓata ya tsaya inda yake ko ya je wurin mai irin wannan riga.

Akwai kuma wata mummunar ɗabi'a da manya ne ke koya wa yara: jifan zaki da tsakuwa don ya tashi ya yi ruri, tsokanar biri da kara, miƙa masa alewa ko biskit har da ledarsa. Leda tana toshe hanjin dabba ta kashe ta. Biri kuma yana da saurin fizga da cizo, cizonsa na iya sa cuta mai tsanani. In ya faru a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na kimanin minti goma sha biyar, a wuce asibiti nan take, kada a tsaya shafa magani a gida. Kafin a zauna cin abinci kowa ya wanke hannu da sabulu, don ƙarafan keji da yara ke shafawa suna ɗauke da ƙwayoyin da ke kawo gudawa.

Ana kira ga iyaye da malaman makarantun boko da na Islamiyya masu kai ɗalibai, su ƙirga yaransu a bakin ƙofa lokacin shiga, su sake ƙirgawa lokacin fita, su kwashe ledojinsu da bawon rakensu su zuba a kwandon shara, kuma duk wanda ya ga shingen da ya karye ko wani yana jifan dabba ya sanar da ma'aikata kafin ya bar wurin.