Yadda ake tsaftace hoto kafin a ɗora shi a shafin intanet

Masu zane, masu zayyana, masu lalle da masu ɗinkin hula da dama sun fara buɗe shafin intanet na kansu domin baje kolin aikinsu, maimakon dogaro da Instagram ko Facebook kaɗai. Hakan ci gaba ne, domin aikin mutum ba zai rataya a kan akawun da za a iya rufewa dare ɗaya ba. Sai dai akwai wani aiki da waɗancan manhajoji ke yi ba tare da an sani ba, wanda yake dawowa wuyan mai shafi da zarar ya tsaya da ƙafarsa: tsaftace hoto kafin jama'a su gani. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake yin sa.

Abin da ke ɓoye a cikin hoto

Duk hoton da aka ɗauka da waya yana ɗauke da wasu bayanai da ido ba ya gani, waɗanda ake kira EXIF. Wata ƙungiyar masana'antun lantarki ta ƙasar Japan ce ta fito da tsarin a shekarar 1995. A ciki ana samun samfurin wayar, rana da lokacin da aka ɗauki hoton, sannan idan an bai wa kyamara izinin amfani da GPS, har da lambobin taswira na daidai inda aka tsaya. Wanda ya kwafi waɗannan lambobi ya saka su a Google Maps zai iya ganin unguwa, sau da yawa har da gidan.

Facebook da Instagram suna cire bayanan daga kwafin da suke nuna wa jama'a. WhatsApp ma yana cirewa idan an tura hoto ta hanyar da aka saba, amma ba ya cirewa idan an tura shi a matsayin fayil. Ita kuwa sabar da ke riƙe da shafin mutum, abin da aka ba ta shi take miƙa wa duk wanda ya nema.

Wannan ba zato ba ne. A watan Disamba na 2012, John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kariya ta McAfee, yana ɓuya daga 'yan sandan ƙasar Belize. Mujallar Vice ta wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone ba tare da an cire EXIF ba, nan take masu karatu suka gano yana Guatemala. Mai lalle da ke ɗaukar hoton hannun amarya a ɗakinta, ko mai zane da ke ajiye kwamfuta da kayan aiki masu tsada a gida, su ma hakan na iya faruwa da su, kuma a yanayin tsaron da ake ciki ba abin wasa ba ne.

Yadda ake cire bayanan

Matakin farko shi ne a shiga saitin kyamara a kashe alamar wuri, domin sababbin hotuna su fito ba tare da ita ba. Tsofaffin hotuna kuwa sai an bi su an goge.

A kwamfuta mai Windows, ana danna hoton da maɓallin dama, a zaɓi Properties, a shiga Details, a danna Remove Properties and Personal Information. Ga mai hotuna da yawa, ExifTool ta fi sauri. Manhaja ce ta kyauta da Phil Harvey ya fitar a 2003. Wannan umarni yana goge bayanan GPS:

exiftool -gps:all= zane.jpg

Akwai wani umarnin, exiftool -all= zane.jpg, wanda ke share komai gaba ɗaya. Mai zane ya yi hattara da shi, domin yana tafiya da bayanin launi da kuma bayanin da ke nuna ko a tsaye aka ɗauki hoton. Sakamakon haka launin aiki na iya dushewa, ko hoton ya fito a kwance.

Akwai kuma wani tarko. ExifTool tana ajiye kwafin asali mai suna zane.jpg_original a folda ɗaya da wanda aka gyara. Wanda ya kwashi foldar baki ɗaya ya ɗora a saba, ya ɗora abin da ya ɓata lokaci yana gogewa. A ware waɗannan fayiloli tukuna.

Rage girma da nauyi

Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsayin 3000. Idan kowane hoto ya kai megabait 4, shafi mai hotuna 20 zai ci wa baƙo megabait 80 na data. Idan aka rage kowanne zuwa kilobait 250, jimillar ta koma megabait 5 kacal. Mai buɗe shafi da waya a wurin da netwok ke da rauni ba zai jira na farkon ba, kuma mai saye da ya fita da wuya ya dawo.

Faɗin fiksel 1600 ya wadatar a yawancin allo. Squoosh, wadda Google ta fitar a 2018, tana yin wannan aiki a cikin burauza, ba tare da hoton ya bar na'urar mutum ba. A nan ake rage faɗi, a zaɓi tsarin WebP, wanda yawanci ya fi JPEG sauƙin nauyi kuma duk manyan burauzoji na yanzu suna buɗe shi. Zane mai ƙananan layuka, kamar zayyana, yana buƙatar a duba shi da kyau bayan matsewa, kada gefen haruffa ya yi dishi-dishi.

Rage girma yana kuma rage sata. Bugu mai kyau yana buƙatar kusan fiksel 300 a kowane inci, don haka hoto mai faɗin 1600 bai wuce santimita 14 ba idan aka buga shi da kyau. Toshe maɓallin dama da JavaScript ba ya hana komai, tunda burauza ta riga ta sauke hoton kafin ta nuna shi. Kariyar gaskiya ita ce babban kwafin ya zauna a gida.

Saka hoton a shafi

<img src="zane.webp" alt="Zanen ƙofar Nasarawa da alƙalami" width="1600" height="1200" loading="lazy">

Rubutun alt shi ne abin da manhajar makafi ke karanta musu, shi ne kuma ke bayyana idan hoton ya ƙi buɗewa. Lambobin width da height suna sa burauza ta tanadi gurbin hoton tun da wuri, don rubutu ya daina tsalle. Shi kuma loading="lazy" yana jinkirta sauke hoto har sai baƙo ya kusa isa gare shi. Ba a saka shi a hoton farko da ke saman shafi, domin shi ake so ya fito nan da nan.

Rufe ƙofar folda

Sabar Apache na iya jero duk fayilolin da ke cikin folda idan babu index.html a ciki, har da waɗanda ba a saka a shafi ba. Ana hana hakan da layi ɗaya a fayil ɗin .htaccess:

Options -Indexes

Gwajin ƙarshe

Bayan an ɗora, sai a buɗe shafin kamar baƙo, a sauke hoto ɗaya, a duba shi da exiftool zane.webp, a tabbatar babu layin GPS. Sannan a rubuta adireshin foldar hotuna a burauza. Idan saƙon 403 ya fito, ƙofa a rufe take. Wanda ya riga ya ɗora hotuna a baya sai ya fara da waɗanda aka ɗauka a gida, ya tsaftace su, ya maye gurbin tsofaffin da su.