Yadda Ake Gano Kuskure a Jadawalin Lissafi na Kwamfuta

A zamanin da, akawun baitulmali yakan zauna da babban littafi mai layuka, da alƙalami da tawada, ya tara kuɗi daga sama zuwa ƙasa, sa'an nan ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama domin ya tabbata. Yanzu galibin wannan aiki ya koma cikin kwamfuta, bisa wani shafi mai gidaje kamar na dara, wanda ake kira jadawalin lissafi. Wasu Amurkawa biyu, Dan Bricklin da Bob Frankston, su ne suka fitar da na farko da ya bazu, mai suna VisiCalc, a 1979. Excel, wanda aka fi sani a ofisoshi, ya fito a 1985.

Kowane gida yana da suna, watau harafi da lamba, kamar C4. A cikin gida ana iya rubuta suna, ko adadi, ko fomula. Fomula umurni ne na lissafi, kuma lalle ne ya fara da alamar =. Na'ura tana bin umurnin nan sau da ƙafa, ko da karkatacce ne. Saboda haka kuskure yakan zo iri biyu: akwai mai kururuwa, akwai mai shiru.

Kuskure Mai Kururuwa

Wannan shi ne mai sauƙi, gama na'ura da kanta take nuna shi da wata alama a maimakon amsa. In gida ya cika da ####, yawanci babu abin da ya ɓaci, gidan ne ya yi wa adadin kaɗan. A faɗaɗa shi. Alamar #DIV/0! tana nufin an raba da sifili, ko da gidan da ba a rubuta kome a ciki ba tukuna. #NAME? kuwa ba ta wuce kuren rubutu, kamar mutum ya buga SUN inda ya nufi SUM. A Jamhuriyar Nijar, inda akan sami Excel na Faransanci, sunan umurnin tarawa SOMME ne, kuma wanda ya buga SUM zai ga #NOM? ta fito masa.

Alamar #REF! ta fi waɗannan muni. Ma'anarta ita ce an share layi ko gidan da fomula take dogara a kansa. In akawu ya lura nan take, sai ya danna Ctrl da Z, abin da ya share ya dawo. In kuwa ya riga ya adana aikin ya rufe, to, sai dai ya sake gina fomular, ko ya koma ga kwafin jiya, in yana da shi.

Biyu da suka fi wahalar da ma'aikata su ne #VALUE! da #N/A. Ta farko takan fito sa'ad da aka nemi a yi lissafi da abin da na'ura ta ɗauka magana ce. Mutum ya rubuta "N5,000" ko "buhu 12" a gida guda. Ido yana ganin adadi, na'ura tana ganin kalma. Shaidar gane wannan ita ce, adadi na gaskiya yakan jingina da gefen dama na gida, magana kuwa da gefen hagu. Ta biyun, #N/A, amsar umurnin nema ce, irin su VLOOKUP, in an aike shi neman suna bai samu ba. Sau da yawa sunan yana nan. A wani shafi an rubuta Muhammadu, a wani Muhammad; ko an buga Ƙaura da ƙ a nan, da k a can; ko kuwa an bar tazara ɗaya a ƙarshen sunan, wadda ido ba ya gani. Umurnin TRIM yana kawar da irin wannan tazara. Abin da ya fi shi ne a ba kowane mutum lamba tasa, a riƙa nema da lambar.

Akwai wani umurni, IFERROR, wanda yake ɓoye alamun nan ya sa sifili ko fili a gurbinsu, shafi ya yi kyan gani. Mai amfani da shi tun bai san dalilin kuskuren ba ya lulluɓe kura ke nan da fatar akuya.

Kuskure Mai Shiru

Nan ne hatsarin yake, domin amsa takan fito sumul, ba wata alama. A ɗauki misalin akawun ƙungiyar manoma da ke sayar wa 'ya'yanta taki. Ya jera sunaye daga layi na 4 zuwa na 40, yawan buhuna a jerin B, kuɗi a jerin C, farashin buhu kuwa, a ce naira 30,000, ya ajiye shi a gidan E1. A C4 ya rubuta =B4*E1, amsa ta fito daidai. Da ya kwafa fomular zuwa ƙasa, sai ta zama =B5*E2, ta gaba =B6*E3, gama na'ura tana matsar da sunayen gidaje gwargwadon matsawar fomula. Da yake E2 da E3 fanko ne, sai ga manoma sun ɗauki taki ba a bin su ko kwabo. Maganin wannan shi ne a ɗaure gidan farashi da alamar dala, a rubuta =B4*$E$1, kana a kwafa.

Bayan mako guda wasu manoma biyar suka shigo, aka sa su a layi na 41 zuwa na 45. Amma fomular jimla tana nan yadda take, =SUM(C4:C40). Ba kullum na'ura take faɗaɗa ta da kanta ba. Kuɗin mutum biyar ya fita daga lissafi, kuma ranar da mai binciken kuɗi ya zo, akawun ne za a tuhuma. Haka kuma SUM ba ta ƙorafi in ta tarar da adadin da aka rubuta a matsayin magana, tsallake shi take yi ta wuce.

Kada a zaci ƙananan ma'aikata kaɗai wannan yake kamawa. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka buga bincike mai nuna cewa bunƙasar ƙasa tana raguwa ƙwarai in bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar take samarwa a shekara. 'Yan siyasa da dama sun kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya sami jadawalinsu ya duba, ya tarar fomular ta tsaya ba ta kai ƙarshe ba, ta bar ƙasashe biyar cikin ashirin: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da aka gyara wannan tare da wasu abubuwa da aka soka a tsarin lissafin, adadin da suka ce -0.1 ne ya koma 2.2. A Ingila kuma, cikin Oktoba 2020, mutum 15,841 da aka samu da cutar korona suka ɓace daga rahoto na ɗan lokaci, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536.

Wani shirun kuma ya shafi lambobin waya da na asusun banki. In an buga lamba mai farawa da 0, na'ura takan yar da sifilin, lambar asusu mai alƙaluma goma ta koma tara. Wajibi ne a mai da jerin ya zama na magana tun kafin a fara bugawa.

Hanyar Bincike

Akawu mai lura ba ya fara da gidan da alama ta fito, gama kuskure ɗaya yakan bi duk gidajen da suka dogara da shi, kamar ruwa a lambatu. Sai ya bi sawu zuwa mafari. In ya danna F2 bisa wata fomula, gidajen da take ɗiba daga gare su za su fito da launi kewaye da su, nan da nan ya ga ko an bar wasu a waje. A sashen Formulas akwai Show Formulas, wanda yake bayyana dukan fomulolin shafi gaba ɗaya. Da shi ake kama gidan da wani ya goge fomula ya buga adadi da hannu, abin da yakan faru ranar gaggawa, a manta da shi har shekara.

Daga nan sai ya gwada jimlarsa da wata shaida da ba daga cikin shafin ta fito ba. A misalin taki, littafin mai sito ya nuna buhu 200 suka fita. Buhu 200 a kan naira 30,000 ya kama naira 6,000,000. In jadawali ya nuna 5,400,000, ragowar 600,000 kuɗin buhu 20 ne daidai. Sai akawu ya nemi layukan da buhunansu suka haɗu suka ba da 20, ya fara duba na ƙasa, waɗanda aka ƙara daga baya.