Yadda Ake Kare Zuciya Daga Toshewar Jijiyoyinta

Zuciya ce ke tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyi da ke shayar da ita. Idan kitse ya yi ta taruwa a bangonsu shekara da shekaru, hanya sai ta ƙuntace, kamar kwatar da yashi ya cike. Ran da gudan jini ya toshe ɗan abin da ya rage, shi ne ake jin an ce, "Yanzu fa muka rabu da shi lafiya lau." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ne ya fi kowanne kisa, kusan mutum miliyan 9 a 2019. Binciken INTERHEART na 2004, wanda aka yi a ƙasashe 52, ya nuna abubuwa tara ne ke ɗauke da kashi 90 cikin 100 na haɗarin, kuma akasarinsu suna gyaruwa.

Da farko, ka tambayi tarihin gidanku. Idan ciwon ya taɓa kama mahaifinka ko ɗan'uwanka kafin shekara 55, ko mahaifiyarka ko 'yar'uwarka kafin 65, ka gaya wa likita. Mace kuma ta faɗa idan ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga lokacin goyon ciki.

Mataki na biyu shi ne awon jini, kuma a nan na fi so a tsaya. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yin shekaru da shi ba ciwon kai, ba jiri. Ka zauna ka huta minti 5, bayanka a jingine, hannunka a kan tebur daidai ƙirji, kada ka yi magana, sannan a auna sau biyu. Idan ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, to hawan jini ne. Ka sami ɗan littafi kana rubuta awon da kwanan wata, ka riƙa zuwa asibiti da shi.

Idan an ɗora ka a kan magani, kada ka bari don awo ya yi kyau. Maganin ne ya saukar da shi, kana bari zai koma. Da yawa suna shan katin farko, su ji garau, su jefa sauran a aljihun tebur, kuma abin yana damuna ƙwarai. Sau da yawa ƙwaya ɗaya ba ta isa. Binciken CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka, aka buga a 2019, ya gano haɗin da ke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. Likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba. Ka kuma kiyayi yawan shan diclofenac da ibuprofen don ciwon jiki, suna tayar da jini.

Na uku, ka auna suga da safe kafin ka karya. In ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka sami haka, ciwon suga ne. A jinin da aka ɗiba ka roƙi a duba kolestirol. Idan haɗarinka ya yi yawa, za a ba ka magani irin su atorvastatin. Asfirin kullum kuwa ba na kowa ba ne, yana iya sa zubar jini a ciki.

Daga nan sai tukunya. Gishirin da ya dace a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin burodi, kilishi da yajin tsire. Uwargida ta ƙirga dunƙulen ɗanɗano nawa take marmasawa a miya, ta rage rabi, ta cike da daddawa, albasa, citta da tafarnuwa. Kanwa ma tana da sinadarin da ke cikin gishiri. A rage kakiɗe, man shanu da man da aka yi ta maimaita suya da shi, a ƙara wake, gero, zogale, rama da kifi. Lemon kwalba da shayi mai suga cokali huɗu su zama na jefi-jefi.

Taba sigari da shisha, a bar su gaba ɗaya. Shekara ɗaya da bari, haɗarin ya ragu da kusan rabi.

Ka yi tafiyar sauri minti 30, kwana 5 a mako, bayan asuba ko da la'asar sakaliya. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna cikinka ta saman cibiya kaɗan: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, nan ne iyaka.

Idan kuwa ka ji ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, yana sauka hannun hagu ko hawa muƙamuƙi, ga zufa da haki, kada ka ce olsa ce. Mata da masu suga wani lokaci kasala da amai kawai suke ji. In ya wuce 'yan mintuna bai lafa ba, wani ya tuƙa ka zuwa asibitin da ke da na'urar ECG nan take, ko da tsakar dare ne.