Ciwon Tara Tarkace: Me Ya Kamata 'Ya'ya Su Yi?

A shekarar 1947 aka tarar da gawawwakin wasu 'yan'uwa biyu, Homer da Langley Collyer, a gidansu da ke birnin New York, cikin tarkacen da ya haura tan 100. Shi Langley tulin kayan ne ya rufto masa. A da rowa ko ƙazanta ake ɗaukar wannan hali, sai a 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ayyana shi ciwo mai zaman kansa.

Alamarsa ita ce mutum ya kasa rabuwa da kaya komai rashin amfaninsu, har ɗaki ya gagari kwana, madafa ta gagari girki. Yakan faro tun ƙuruciya, ya tsananta da manyantaka. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sassan da ke auna muhimmancin abu sukan yi aiki fiye da kima idan aka nemi mai ciwon ya zubar da kayansa.

Shi ya sa ɗan da ya kwashe kayan mahaifiyarsa a ɓoye yakan yi biyu babu: ɗakin ya sake cika, amana kuma ta zube. Abin da ya fi dacewa shi ne ya fara da kawar da haɗari: a buɗe hanyar fita, a nisanta takardu da tsummoki daga murhu, a fitar da ruɓaɓɓen abincin da ke jawo ɓeraye. Sauran kayan kuwa ita za ta zaɓa, kaɗan-kaɗan, tare da taimakon likitan ƙwaƙwalwa. Ɗan kuma kada ya ɗora wa kansa laifi, kada ya ɗauki nauyin shi kaɗai alhali yana da 'yan'uwa.