Yadda Ake Tsara Fuskar Gini Mai Bin Rana da Ƙa'idar Hisabi

A birnin Abu Dabi akwai wasu tagwayen hasumiyoyi da ake kira Al Bahr, waɗanda aka gama a shekarar 2012, kowacce hawa 29, tsayinta mita 145. Masu zanen, wato kamfanin Aedas, tare da injiniyoyin Arup, da suka ga irin zafin ƙasar, sai suka koma ga mashrabiyya, wato asabarin katako mai huji-huji da Larabawa ke sa wa taga tun zamanin da, suka lulluɓe kowace hasumiya da laimomi fiye da dubu, waɗanda ke tsaye kamar mita 2 daga gilashin, suna rufe fuska idan rana ta dubo su, suna naɗewa idan ta wuce. Babu mahaluƙin da zai zauna ya zana laima dubu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya sake zana su duk sa'ad da mai gini ya canza ra'ayi. Abin da ake yi shi ne a rubuta ƙa'idar da ke haifar da su, a bar kwamfuta ta fitar da rassa daga asali, kamar yadda malamin fara'ili ke riƙe ƙa'idar rabon gado guda, ko da yawan magada ya saɓa daga gida zuwa gida.

Kayan aikin da na fi sabawa da su su ne Rhino, na kamfanin McNeel da ke Amurka, da Grasshopper da ke cikinsa, wanda David Rutten ya ƙirƙiro a 2007. A cikinsa ba a zana layi da hannu. Akwatuna ake jerawa, kowanne da aikinsa, a haɗa bakin wannan da na wancan da zare.

Kafin ka taɓa na'ura, ɗauki takarda ka raba adadin ginin gida biyu: wanda ba ya motsi, kamar tsayin kowane hawa da iyakar fili, da wanda kake son juyawa, kamar yawan laimomi a kewaye da nisansu daga gilashi. Kowane adadi na kashi na biyu ka ba shi majanyi nasa, wato akwatin Number Slider, ka raɗa masa suna, ka yanka masa iyaka sama da ƙasa. A ganina wannan muƙaddima ita ce rabin aikin, domin adadin da ka binne cikin wani akwati ba suna, bayan wata guda ko kai da ka sa shi ba ka gano inda yake.

Daga nan sai jikin ginin. Zana da'ira ko siffar ƙwai a matsayin kowane hawa, ka bar faɗinta ya riƙa bin adadin da ka tanada, sa'an nan ka lulluɓe su da fata guda da akwatin Loft. Tura wannan fata waje gwargwadon nisan da ka zaɓa, ka sami fata ta biyu wadda laimomi za su zauna a kanta. Ita za ka yayyanka, kuma shawarata ka yanka ta gida-gida masu kusurwa uku, saboda wata ƙa'ida ta ilmin handasa da babu jayayya a kanta: ɗigo uku, ko ina ka ajiye su, suna kan shimfiɗa ɗaya, alhali ɗigo huɗu a kan fata mai lanƙwasa sau da yawa ɗaya yakan ɗaga, ga shi kuwa gilashi da ƙarfe a miƙe suke fitowa daga masana'anta, lanƙwasa su kuma kuɗi ne mai yawa. Ƙarin da ake kira LunchBox yana da akwatin da ke yin wannan yanka.

Kada ka yi gaggawar yaɗa laima a kan dukkan gidajen. Ware gida guda tak, ka nemi tsakiyarsa, ka ja layi daga tsakiyar zuwa kowace kusurwa da tsakiyar kowane gefe, ka sa majanyi guda daga 0 zuwa 1 ya riƙa janyo tsakiyar gefunan ciki yayin da cibiyar ke turowa waje. Ja shi sannu a hankali, ka zuba ido: idan a 0 laimar ta rufe ruf, a 1 ta naɗe ba tare da wani fiffike ya ratsa ɗan'uwansa ba, to, ka sami asali ingantacce.

Yanzu ka zo ga rana, wadda ita ce ke da hukunci a kan dukkan abin da ya gabata. Ƙarin Ladybug yana karanta fayil ɗin yanayin garin da za a yi ginin, ya ba ka kibiyar hasken rana a kowace sa'a ta shekara. Lura fa, kibiyar tasa daga rana take nuno ƙasa, saboda haka sai ka juya kanta tukuna. Fitar da kibiyar da ke tsaye a fuskar kowane gida, ka auna kusurwar da ke tsakaninta da ta rana, ka ba akwatin Remap Numbers ya mai da daraja 0 zuwa 90 su koma 0 zuwa 1. Abin da ya haura 90 kuwa, rana tana bayan gini ke nan, laima ta naɗe gaba ɗaya. A nan ne kwaikwayo ba nazari ke cutarwa. Abu Dabi tana wajen daraja 24 arewa, ranar tsaka ba ta komawa arewacinta, shi ya sa aka bar fuskar arewa ta Al Bahr ba lulluɓi. Kano kuwa tana daraja 12, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana takan bi ta arewa, don haka wanda ya kwafo tsarin yadda yake ya bar wa bazara ƙofa a buɗe.

Sa'ad da za ka yaɗa laimar, kiyaye da yadda Grasshopper ke tsara bayanai kamar itace mai rassa, kowane gida da reshensa. Na taɓa baje rassan nan su zama jeri ɗaya bisa kuskure, sai kowace kusurwa ta nemi haɗuwa da kowace cibiya a ginin, allon ya cika da layuka kamar saƙar gizo-gizo, na'urar ta sandare, aikin yini guda ya tafi domin ban adana ba. Tun daga ranar nake gwaji da gida ashirin kafin in kai dubu.

Idan komai ya daidaita, sa wa kowace laima lamba bisa hawanta da matsayinta, ka tara masu kusan girma ɗaya su koma aji kaɗan don maƙera su sami sauƙi, sa'an nan ka gasa siffofin su tabbata cikin Rhino da umarnin Bake. Amma kafin ka miƙa zane, ka tuna da Cibiyar Duniyar Larabawa da Jean Nouvel ya zana a Faris, wadda aka buɗe a 1987 da tagogi 240 masu buɗewa da rufewa kamar idon kyamara, da yawansu kuma suka daina motsi bayan shekaru. Sa a ƙera laima guda da girmanta na haƙiƙa, a kafa ta a fili, ta sha ƙurar hunturu da iskar farkon damina, ana buɗe ta ana rufewa kullum, duk abin da ya cije a gaɓoɓinta ka koma da shi cikin majanyanka ka gyara.