Ina Ungulayen Birnin Zazzau Suka Shiga?

Tambaya: Muna yara, ungulaye kan cika rimayen cikin birni da bakin mayanka. Yanzu sai in shekara ban ga ko ɗaya ba. Ƙaura suka yi ko mutuwa? Daga mai karatu a Ƙofar Doka, Zariya.

Amsa: Da ƙaura ce, da an gan su a wani gari. Ƙarewa suke yi, kuma masana sun gano haka ne ta hanyar ƙirga. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi titunan Nijar, Mali da Burkina Faso a mota tsakanin 1969 da 1973, yana rubuta duk shaho, shirwa da ungulun da ya hango. Da ya sake bin titunan a 2003 da 2004, sai ya tarar manyan ungulayen daji sun kusa shafewa a wajen gandun da ake karewa. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari, wadda ka sani a mayanka, cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Hannun mutum ne ya jawo. Ana barbaɗa guba a mushe, ungulaye su taru su mutu a wuri ɗaya. Ana kuma farautarsu don sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu. Wata ungulu mai suna Paschalis, da aka ɗaura wa na'urar bin sawu a ƙasar Girka, maharbi ya kashe ta a Nijar a 2014 domin kasuwar Najeriya. Ga shi ungulun gari ƙwai ɗaya take yi a shekara, a kan doguwar bishiya. In an sare rimi, har da sheƙarta aka sare.

Rashinta kuwa asara ce, don ita ke kwashe mushe kafin ya ruɓe. Da ungulayen Indiya suka mutu saboda maganin shanu diclofenac, karnukan titi ne suka gaje musu abincin.

Kai ma kana da abin yi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan inda aka ga tsuntsaye a faɗin Najeriya. In ka ga ungulu ko sheƙarta, daga Kufena har Ƙofar Gayan, rubuta rana da wuri ka sanar da su, ka kuma roƙi mai unguwa a bar bishiyar a tsaye.