Yadda Ake Gano Tsohon Wasan Talabijin na Jirgin Ƙasa da Ba a Tuna Sunansa

Sau da yawa abin da ke saura a kan mutum daga wasan kwaikwayon da ya kalla yana yaro bai wuce hoto ɗaya ba. Misali yara uku a tsaye kan layin dogo suna kaɗa jan ƙyalle, jirgi na tahowa da hayaƙi. Ba suna, ba shekara. Idan ya rubuta wannan a Google, amsar da zai samu ita ce The Railway Children, kuma daidai ne. Sai dai aikin bai ƙare ba, domin labarin, wanda marubuciya E. Nesbit ta fitar a littafi a 1906, an mayar da shi wasa sau da dama. BBC ta yi shi a 1951, ta sake a 1957, ta kuma sake a 1968. An yi fim ɗin silima a 1970, sannan tashar ITV ta yi nata a 2000. Wanne ne mutumin ya gani?

Wannan misali ya dace da koyon bincike, saboda yana nuna cewa tambayoyi biyu ne ake haɗawa kamar ɗaya: mene ne sunan wasan, sannan ko har yanzu yana nan a duniya.

A fara da tace abin da aka tuna. Na 1968 kashi bakwai ne, kuma baƙi da fari ne. To wanda ya rantse cewa ya ga ƙyallen ja, ba shi ya kalla ba, ko kuma ƙwaƙwalwarsa ta ɗauko launin daga wani wuri ta liƙa. Fuskar ɗan wasa ma tana iya ruɗarwa. Jenny Agutter ta fito a matsayin babbar 'yar gidan, Roberta, a 1968, ta sake fitowa a matsayin a fim ɗin 1970, sannan a 2000 ita ce uwar yaran. Sunanta kaɗai ba zai raba gardama ba, sai an tuna a wane matsayi aka gan ta.

Abin da ke raba gardama shi ne jadawalin shirye-shirye. BBC ta zuba jadawalin mujallar Radio Times tun daga 1923 a intanet, a wani rumbu da aka fara sani da sunan Genome, yanzu kuma BBC Programme Index. Kyauta ne. Ana rubuta kalma ɗaya, a taƙaita shekarun, sai ya fito da rana da lokaci da tasha, sau da yawa har da sunayen 'yan wasa. Ya fi IMDb aminci ta fuskar kwanan wata, domin IMDb jama'a ne ke cika shi. Iyakarsa ita ce yana nuna abin da aka shirya sakawa ne, kuma shirye-shiryen ITV ba sa ciki. Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen kawo sunayen da za a gwada, amma sukan ƙago wasan da ba a taɓa yi ba, su ba shi shekara da jarumi. Duk sunan da suka bayar a je a duba shi a jadawali tukuna.

Wasannin jirgin ƙasa suna da wata alama da sauran ba su da ita, wato tashar kanta. Masu shirya wasa a Birtaniya sun dogara da wasu 'yan layukan dogo da masu sha'awa suka adana da tsofaffin injinan tururi. An ɗauki na 1968 da na 1970 a layin Keighley da Worth Valley da ke Yorkshire, na 2000 kuma a layin Bluebell da ke Sussex. Wanda ke da hoto ko guntun bidiyo zai iya saka shi a Google Lens ya gane ginin tashar. Sai dai a kula, layi ɗaya yana fitowa a wasanni da yawa. Layin Severn Valley ya fito a The Signalman na 1976 da God's Wonderful Railway na 1980, tasharsa ta Arley kuma ita ce aka canza wa suna zuwa Hatley a wasan barkwanci Oh, Doctor Beeching! na shekarun 1990.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo. Cikin waɗanda BBC ta yi na The Railway Children, ba duka ne suka tsira ba, amma na 1968 yana nan, har an fitar da shi a DVD. Dalilin na fasaha ne da kuɗi. A farkon shekarun 1950 kai tsaye ake watsa wasa daga ɗakin shiri, idan an gama ya wuce ke nan. Da kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo a 1956, kaset ɗinta mai faɗin inci biyu yana da tsada sosai, don haka tashoshi sukan goge shi su ɗora sabon shiri a kai. Sai a 1978 BBC ta tsayar da tsarin adana shirye-shiryenta yadda ya kamata.

Abin da ya ceci da yawa shi ne kasuwar waje. Kafin a goge kaset, akan kafa kyamarar fim a gaban wani allon talabijin na musamman a kwafe shirin a fim mai faɗin milimita 16, a sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Tasha ta nuna, ta miƙa wa ta gaba, ta ƙarshe kuma ta mayar ko ta lalata. Ba kowa ya bi wannan umarni ba. A 2013 aka sanar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya bi sawun irin waɗannan gwangwanayen fim har zuwa ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, inda ya samo kashi tara na Doctor Who da BBC ta ɗauka sun ɓace. Huɗu daga ciki na labarin The Web of Fear ne na 1968, wanda ke gudana a ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Kashi na uku na wannan labari har yau ana nemansa.

Don sanin ko wasa yana nan, akwai rumbun TV Brain na ƙungiyar Kaleidoscope, wanda ke nuna kashi-kashi abin da ya tsira da abin da ya ɓace. Cibiyar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ita ma tun 1993 take gudanar da shirin Missing Believed Wiped na nemo ɓatattun shirye-shirye. Duba waɗannan kafin a biya kuɗi yana kare mutum daga masu tallar DVD na wasan da babu shi.

Wanda kuma ya ci karo da tsohon kaset ko gwangwanin fim a gida ko a ofis, kada ya yi gaggawar kunnawa. Kaset ɗin VHS da ya yi fari-fari a ciki funfuna ce ta kama shi, zai ɓata kan na'ura ya kuma iya tsinkewa. Fim da ke warin tsami kamar ruwan kal ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran a ajiye a wuri mai sanyi mara danshi. A ɗauki hoton rubutun da ke jikin gwangwanin da waya, a aika wa ma'aikatan adana fina-finai. Idan kaset ɗin lafiya yake, na'urar VHS da ƙaramar na'urar kwafe bidiyo ta USB sun isa a zuba shi a kwamfuta. A ajiye kwafin farko yadda ya fito, da tallace-tallace da sanarwar tasha duka, domin su ne ke nuna shekarar da aka ɗauka.